Jan biron babbar sista ya hana ni buɗe baki

Assalamu alaikum Malama. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wata bakwai ke nan da na fara aiki a wani asibiti. Aikin kansa bai gagare ni ba, amma rubuta rahoton miƙa aiki ya zame mini ƙarfen ƙafa. Duk safiyar da na sauka daga aikin dare, sai babbar sistarmu ta bi rahotona da jan biro. Makon jiya na rubuta *The patient has vomited twice last night and I have gave him the injection*, ta ɗaga murya ta karanta a gaban ɗalibai da likita, aka yi ta dariya. Tun daga ranar, ko zagayen duba marasa lafiya aka fito ba na iya cewa uffan. Na ci Turanci a WAEC, na haddace jadawalin lokutan aikatau ɗin nan goma sha biyu, amma da na zo rubutu sai in rasa inda zan sa *have*, inda zan sa *had*, da inda zan bar su duka. Har na fara tunanin neman canjin wurin aiki. Ki taimaka mini da shawara.

Wata nas daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yata.

Maganar canjin wurin aiki ki ajiye ta tukuna. Duk asibitin da kika koma a ƙasar nan da Turanci za ki rubuta rahoto, kuma kowane asibiti yana da tasa babbar sistar da nata jan biron. Gara mu zauna mu kwance abin a nan.

Ki sake duba jimlar da aka yi wa dariya. Kin lura majinyaci yana amai, kin ƙirga sau nawa, kin yi masa allurar da aka rubuta, kin kuma sa a takarda. Aikin jinya ya cika. Abin da ya rage kurakurai biyu ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. *Have gave* matsalar hadda ce, cikin mako biyu za ki rabu da ita. *Has vomited last night* kuwa ba daga rashin karatu ta fito ba, daga Hausarki ta fito. Na shafe shekaru ina gyara takardun ɗalibai, kuma wannan kuskuren na fi gani a hannun 'ya'yan Hausawa, har da masu ƙoƙarin cikinsu. Shi zan fi daɗewa a kai.

Idan kika ce "na ci abinci", yaushe kika ci? Jimlar ba ta faɗa ba. Tana iya zama yanzun nan, hannunki ko bushewa bai yi ba. Tana iya zama jiya, tana iya zama bara a gidan biki. Abin da "na" ta tabbatar kawai shi ne cin ya kammala. In ana son lokaci sai a ƙara "jiya" ko "ɗazu" ko "bara", aikatau ɗin kuwa yana nan yadda yake. Haka "ina karatu": yanzu ina karatu, jiya war haka ina karatu, gobe in kin zo da yamma za ki tarar ina karatu. Hausa ta fi damuwa da ko aiki ya ƙare, ko yana ci, ko sabo ne ake yi kullum. Turanci kuwa sai ya ɗora wa aikatau kansa nauyin lokaci. Shi ya sa "na ci abinci" ɗinmu guda ɗaya ta rabu gida biyu a can: *I ate* da *I have eaten*. Tun kina goye ba a taɓa tilasta miki zaɓa tsakanin biyun ba, sai yanzu da ƙarfe shida na safe, bayan kin kwana a tsaye.

Ga yadda za ki zaɓa. Kafin ki rubuta *have* ko *has*, ki duba jimlar: akwai lokacin da ya riga ya wuce a cikinta? *Last night, yesterday, on Monday, at 2 a.m., three days ago, in 2021.* In akwai ko ɗaya, *have* ba ta da wurin zama. *The patient vomited twice last night.* Shi ke nan. *Have* da lokacin da aka rufe ba sa shiga ɗaki ɗaya, kamar kishiyoyin da ba sa ga-maciji. Rahoton jinya kuwa kusan kowane layi da ƙarfe kaza a jikinsa, don haka mafi yawan abin da za ki rubuta ba ya buƙatar *have* sam. Ki lura, ita kanta jimlar da ta jawo miki dariya, da kin bar ta a sauƙaƙe da ba a samu abin kamawa ba. Da yawanmu muna cusa *have* ne don muna ganin ta fi kama da Turancin manya.

To ina amfanin *have*? Tana zuwa ne idan ba lokacin kike son a sani ba, halin da ake ciki yanzu kike son a sani. Likita ya shigo ya tambaye ki ko majinyacin gado na huɗu ya ci abinci, don yana son sanin ko za a iya shiga da shi tiyata. Amsarki *He has eaten*, wato cikinsa da abinci a yanzu haka. In ya ce da ƙarfe nawa, kin koma ɗaya gidan: *He ate at seven.* Tambaya ɗaya ta biyo ɗaya, abinci ɗaya ne, amma aikatau ya sauya riga saboda an ambaci lokaci.

Hausarki ma tana da alamomin da za su yi miki jagora, ba kullum take jefa ki rami ba. Duk inda za ki ce "na taɓa" ko "ban taɓa ba", wurin *have* ne: *She has never had surgery*, ba a taɓa yi mata tiyata ba. Duk inda za ki ce "har yanzu bai yi ba", wurinta ne: *He has not passed urine yet.* Haka "ya riga ya", in maganar yanzu ake yi: *He has already taken it.* A ɗaya ɓangaren kuma akwai wata dabara da ban taɓa gani ta ba ɗalibaina kunya ba. Kin tuna a darasin Hausa an koya miki shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, "sun zo" da "suka zo"? To duk sa'ad da kike jero labari da "aka", "muka", "suka", kamar a ce aka kawo shi da tsakar dare, muka sa masa ƙarin ruwa, 'yan'uwansa suka tafi sayen magani, to Turancin wannan jerin ba *have* a ciki ko ɗaya: *He was brought in at midnight, we put up a drip, his relatives went to buy the drugs.* Haka tambayar "yaushe". Ba ki cewa "yaushe an kawo shi", kunnenki ba zai yarda ba, sai "yaushe aka kawo shi". Turanci ma haka: *When did he come?*, ba a cewa *When has he come?* In kin rikice, ki faɗi jimlar da Hausa a zuci. In "aka" ta fito a cikin jerin labari, ki ajiye *have*.

Wani wuri kuma Hausa ta yi miki rabin aikin. "Likita ya tafi tiyata" daban da "likita ya je ya dawo". Na farko *The doctor has gone to theatre*, ba ya nan, kada a jira shi. Na biyu *The doctor has been to theatre*, ya je, ga shi ya komo. Masu koyon Turanci da yawa suna shan wahala a kan *gone* da *been*, ke kuwa kina da "tafi" da "je" tun kina yarinya.

Sai dai ki yi hattara da 'yan kalmomin nan namu masu sanye da rigar abin da ya wuce alhali yanzu suke nufi: na sani, na gane, na gaji, na ƙoshi, na yarda. "Na sani" ba *I knew* ba ce, *I know* ce. "Ya gaji" a bakin mai jinya yawanci *He is tired* ake nufi. Na sha jin ɗalibi ya ce *I knew him* yana nufin abokinsa da suke tare kullum, Bature kuwa in ya ji haka sai ya ɗauka mutumin ya rasu ko an rabu.

Yanzu *had*. Mutane da yawa sun ɗauka *had* ta abin da ya daɗe da wucewa ce, *have* ta na kusa. Ba haka ba ne. Abin da ya faru shekara ɗari da suka wuce ma ba ya buƙatar *had* in shi kaɗai ne. Tana shigowa ne idan kina ba da labarin baya, sai kika buƙaci komawa bayan bayan, ki nuna wani abu ya riga wani faruwa. A Hausa nan ne muke cewa "kafin in iso ya riga ya", ko "na tarar har ya". *When I got to the bed, he had removed the cannula.* Na tarar har ya cire allurar ƙarin ruwa. A aikinki wannan ba ado ba ne. Dubi waɗannan biyun: *When the doctor came, the patient took the drug*, da kuma *When the doctor came, the patient had taken the drug.* A ta farko sai da likita ya zo sannan ya sha, wataƙila ma a gabansa. A ta biyu kafin likita ya zo magani ya riga ya shiga ciki. Wanda zai karɓi aiki daga hannunki yana iya yanke shawarar ƙara magani ko jinkirta shi a kan wannan 'yar kalma. Haka in kina rubuta abin da majinyaci ya yi a gida kafin a kawo shi: *She had taken herbal medicine before she came.* Amma in babu abu na biyu da ake auna ta da shi, kamar *I had seen him yesterday* tsurarta, to *had* ɗin zaman banza take, *I saw him yesterday* ta wadatar.

Turancin "ina cikin yi" ba shi da wuya, abu ɗaya kawai ake mantawa. Tunda "ina" ɗinmu ba ta sauyawa ko jiya ko yau, sai hannu ya rubuta *I am* inda ya kamata *I was*. "Ina cikin yi masa wankin ciwo sai ya suma": *I was dressing the wound when he fainted.* Dogon aikin da ake ciki ya ɗauki *was* ko *were* da *-ing*, abin da ya faɗo a tsakiya, wanda "sai" take gabatarwa, ya ɗauki sauƙaƙƙiyar siga irin *fainted*. Abin da aka saba yi a da aka daina kuwa, "a da yakan sha taba", shi ne *He used to smoke*, kuma za ki buƙace shi duk ranar da kike ɗaukar tarihin majinyaci.

Akwai guda ɗaya da ni kaina ta taɓa kayar da ni, don kada ki ɗauka daga sama na faɗo. Ina sabuwar malama, wani mai duba makarantu ya shigo ajina ya tambaye ni tun yaushe nake koyarwa a wurin. Na gyara tsayuwa na ce *I am teaching here since two years.* Bai ce komai ba, ya dai rubuta wani abu a littafinsa, ni kuwa malamar Turanci. Sai da na koma gida na gane kurakurai biyu na yi a numfashi ɗaya. "Ina koyarwa a nan tun" na ɗauko daga Hausa na jera da kalmomin Turanci. Abin da ya faro a baya kuma yake ci har yanzu, Turanci yana ba shi *have been*: *I have been teaching here for two years.* Sannan *since* tana bin wurin farawa, *since Monday, since 2023*, ita kuwa *for* tana bin tsawon lokaci, *for three days*. Ke da kullum kike rubuta kwana nawa aka yi ana zazzaɓi, wannan taki ce: *He has been coughing for two weeks. She has had fever since Friday.* Na kwana uku ina jin kunyar mutumin nan, shi kuwa na tabbata kafin ya kai ƙofar makaranta ya manta.

Mu dawo kan *have gave*. Yawancin aikatau na Turanci *-ed* kawai ake liƙa musu, kuma duk sabon da ya shigo harshen haka ake yi masa. Amma akwai wajen ɗari biyu da suka ƙi bin layi, kuma abin haushin, su ne aka fi amfani da su: *go, give, take, see, come, eat, do, bring.* Tsofaffin kalmomi ne da suka riƙe tsohuwar hanyarsu ta sauya wasali a ciki, irin *drink, drank, drunk*. *Went* ma asalinta ba 'yar gidan *go* ba ce, daga wani tsohon aikatau *wend* aka aro ta, ta zauna har ta gaje gidan. Kada ki nemi dalili a kowanne. Ki tuna yadda baƙo yake fama da jam'in Hausa: gida gidaje, doki dawaki, sarki sarakuna, mace mata, takobi takubba. Wace doka ce ta tara waɗannan? Ke ba ki haddace su daga jadawali ba, jin su kika yi ta yi har suka zauna. In Bature ya ce "dokoki" yana nufin dawaki, za ki murmusa, amma ba za ki ce ba shi da hankali ba.

Kowane irin wannan aikatau yana da siga uku: *give, gave, given.* Ta biyu tana tsayawa ita kaɗai, ba ta son rakiya: *I gave.* Ta uku ba ta fita sai da rakiya, ko *have, has, had*, ko kuma *was, were* a inda muke cewa "an" ko "aka": *I have given*, *The injection was given*, an yi allura. Kuskurenki shi ne kin haɗa mai rakiya da wadda ba ta son rakiya. Bayan *did* kuwa aikatau yana komawa sigarsa ta farko, domin *did* ta riga ta ɗauke nauyin lokacin: *Did you give him?*, *He did not eat.* Ba *did you gave* ba.

Ba na son ki zauna haddace ɗari biyu. Ki ɗauko rahotanninki na wata guda ki fitar da aikatau ɗin da kike maimaitawa, zai yi wuya su wuce talatin. Ki rubuta su a bayan ɗan littafin da kike sawa a aljihun yunifom, ki haɗa masu kama da juna. *Bring, buy, think, catch* duk suna ƙarewa da sauti ɗaya: *brought, bought, thought, caught. Bleed, feed* su koma *bled, fed. Sleep, feel, keep* su koma *slept, felt, kept. Put, cut, hurt* ba sa motsi ko kaɗan. Kowanne ki sa shi a jimlar da ta faru da gaske a ɗakinku, ba jimlar littafi ba. Jadawalin goma sha biyun nan da kika haddace ya yi miki amfani a ɗakin jarrabawa, amma da asuba a gaban fayil ba ya zuwa da sauri.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: wani lokaci kunne ne yake cin amanar hannu. Kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, ba mu saba tara baƙaƙe a ƙarshen kalma ba, shi ya sa muka mai da kalmar Bature ta zama "benci" da "bokiti". To *asked, discharged, collapsed* sai bakinmu ya yanke wutsiyar, mu ce *ask, discharge*. Abin da baki ya yanke, hannu ma sai ya manta da shi, a rubuta *he was discharge*. Wutsiyar nan sauti uku gare ta: *t* a *walked* da *coughed*, *d* a *cleaned*, sai *id* a bayan *t* ko *d*, kamar *vomited* da *admitted*. Ki riƙa karanta rahotonki a hankali da ɗan sauti kafin ki miƙa, kina taɓa ƙarshen kowane aikatau da bakin biro.

In kina kallon finafinan Amurka za ki ji suna cewa *Did you eat yet?* ko *I already gave him*, inda mutumin Ingila zai fi cewa *Have you eaten yet?* Kada wannan ya rikita ki. Amurkawa sun fi sakin *have* a irin waɗannan wurare. Amma daga Landan har New York ba mai haɗa *has* da *last night*.

Saura babbar sista. Karanta kuskuren ƙaramar ma'aikaciya a gaban ɗalibai ba gyara ba ne, tozartawa ce, kuma ba zan ce miki ta kyauta ba. Amma ba ki da iko da halinta, kuma ga dukkan alamu Turancin nata yana da kyau, ga shi kyauta take bin rahotonki layi-layi, abin da wasu suke biyan kuɗi a yi musu. Ni da ni ce ke, sai in nemi lokacin da take ita kaɗai a ofis, in gaishe ta da ladabi, in ce: "Sista, na ga gyaran da kike yi mini, na gode. Ina so in riƙa kawo miki rahotona ki duba kafin a fito zagaye." Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da wuya wadda aka mai da ita malama a keɓe ta sake tsayawa tana yi wa ɗalibarta dariya a fili, don yanzu kuskurenki ya zama nata. In kuma ta ci gaba duk da haka, kin san matsalar ba ta *have* da *had* ba ce, sai ki kai maganar ga wanda yake sama da ita cikin natsuwa. Tsofaffin rahotannin da ta yi wa jan biro kuwa kada ki yar. Ki jera su ki ƙirga wane kuskure ne ya fi dawowa. Ina kyautata zaton za ki tarar guda biyu ne ko uku suke ta sauya kaya.

Kafin hannunki ya faɗa, ki sani rubutun asibiti ya yarda da gajerun jimloli: *Vomited twice overnight. Injection given at 2 a.m. Slept well afterwards.* Ba wanda zai kama ki a nan, kuma ya fi sauƙin karantawa ga mai karɓar aiki. Amma shirun da kike yi a zagaye shi ya fi damuna, domin ke kika kwana da majinyatan, abin da kika gani ba wanda ya gani. Zagaye na gaba ki shirya jimla ɗaya tak tun kafin a fito, a kan majinyaci ɗaya, ki maimaita ta a zuci sau uku, in an iso gadonsa ki faɗe ta. Ki fara da wadda aka yi wa dariya: *The patient vomited twice last night, and I gave him the injection at two.* In likita ya tambaya ko ya sake yin amai tun daga lokacin, amsarki *No, he has not vomited since then.*

Ki rubuto mini bayan wata guda, ki haɗo da rahoto ɗaya da kika cire sunan majinyaci a ciki, mu duba tare. Allah ya ba marasa lafiyarku sauƙi.